Akwatin Jitar Baba Samuel

Shagon Baba Samuel yana kan hanyar da ke gangarawa bakin ruwa a Wara, tsakanin mai sayar da man inji da rumfar masu ɗinkin komar kamun kifi. Tun ina yaro shi ke gyara rediyon mahaifina. Na yi shekara tara ina karatun lantarki a wata ƙasa, na dawo na tarar da shi a kan bencin da na bar shi, sai dai rediyo ta ragu. Yanzu tocila ake kawo masa, da ƙananan sifikokin da masunta ke shiga jirgi da su.

A wani ƙauyen Kambari aka haife shi, can kan tudu. Noma bai karɓe shi ba, sai aka kai shi Yelwa koyon gyara. A can wani malamin coci ya koya masa jita, kuma shekara talatin ke nan yana kaɗa ta duk Lahadi. Yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita: ba ya jefar da matacciyar rediyo. Fasa ta yake yi, ya cire kayan ciki, ya zuba a gwangwanin madara, ya rubuta sunan mai ita a jiki. Duk abin da ya haɗa, zai iya faɗa maka daga gidan wa kowane ɗan ƙarfe ya fito.

Da irin waɗannan kaya ya haɗa akwatin jitarsa. Gwangwanin alewa ne mai faɗi, ya huda shi ya sa makunnin da ake takawa da ƙafa. Wayar jita ta shiga ta dama, wata ta fita ta hagu zuwa amfilifaya, na'urar ƙara sauti. In ya taka, sautin sai ya riƙa maimaita kansa, kamar kiran da aka yi daga tsallaken ruwa.

Ranar wata Alhamis da hantsi ya aiko a kira ni.

"Injiniya, an dawo? Ko su sunka gaji da kai?"

"Ni na gaji da dankalinsu, Baba."

Bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya matsa mini a benci, ya jona akwatin da wata 'yar amfilifaya, ya taka. Sifikar ta ce tau! Ya sake takawa, ta sake.

Ya ba ni labarin kamar mai karanta takardar wani. Akwatin ya daɗe yana wannan ƙarar, amma a tsohuwar ƙaramar amfilifayar cocinsu ba ta damun kowa, sai cocin ta samu sabuwa babba. Lahadi uku da suka wuce, ana tsakiyar waƙa ya taka akwatin, ƙarar ta fito ta manyan sifikoki biyu kamar harbi. A kujerun baya akwai matan da suka gudo daga ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Ba su tsaya dubawa ba. Suka kwashi 'ya'ya suka nufi ƙofa, wata tsohuwa ta faɗi a bakin ƙofar ta karye a hannu. Fasto James bai yi masa faɗa ba. Ya ce dai ko dai ƙarar ta mutu gaba ɗaya, ko akwatin ya zauna a gida.

"To a bar shi gida mana, Baba, kafin a samu lokaci."

"Lahadin ga ce addu'ar tunawa da mutanen jirgi."

Na san jirgin da yake nufi. Ina can nesa labarin ya iske ni, cewa jirgin da ya kwaso mutane daga kasuwar tsallake ya kife, kuma matarsa Ladidi tana ciki. Shekara biyu ke nan. Ya ce akwai waƙar da take so, kuma da akwatin nan yake so ya kaɗa ta.

Na tambaye shi abin da ya gwada. Ya canza makunni sau uku. Ya canza batir. Ya cire 'yar fitilar da ke nuna an kunna, don wani lokaci ita ke fizgar wuta. Ya sa rizista a bakin fita don ta zubar da wutar da ke taruwa, ƙarar ta ragu kaɗan amma ba ta tafi ba. Duk abin da zan fara da shi, ya riga ya yi.

Na karɓi mitarsa na ɗora a bakin fita. Wurin da ya kamata allura ta kwanta, sai ta ɗaga kusan rabin bolt. Wuta ce ke zubowa inda sauti kaɗai ya kamata ya wuce, kuma duk takawa makunni yana watsa ta cikin amfilifaya lokaci guda. Abin da ke tare wannan wuta kondensa ce guda ɗaya. Na bi waya na same ta: ƙarama, shuɗiya a da, yanzu ta yi baƙi. Na kai ta kusa da hanci, warin hayaƙin banda take yi.

"Baba, ga ta nan. Wannan ce ke yoyo."

"Na sani."

Na dube shi.

"Tun ranar farko na sani. Hannuna ya fi shekarunka a aikin ga." Ya jawo wani gwangwanin madara ya juya shi. An rubuta Ladidi a jiki, kuma babu komai a ciki. "Rediyonta ce. Shekara goma sha ɗaya tana rataye a wurin da take bandar kifi. Bayan rasuwarta ita ma ta daina magana. Na buɗe, hayaƙi ya cinye komai, wannan kaɗai na samu da sauran rai. Na kira ka ne ko can inda kunka yi karatu an koya muku yadda za a bar ta."

Na sake bin wayoyin akwatin. Hanya akwai, kuma ba mai wuya ba ce. Na ce a bar ta inda take, a sa sabuwa a bayanta, sautin ya bi ta cikin tsohuwar sannan ya bi ta sabuwar, ita ta tare wutar. Rizistar da ya riga ya sa ta koma bayan sabuwar. Ya yi tunani, ya gyaɗa kai. Ya zazzage gwangwaninsa ɗaya bayan ɗaya, muna aunawa, har muka samu mai lafiya a wanda aka rubuta sunan mahaifina.

"Malam ba zai hana ba," in ji shi.

Shi ya liƙa da kansa. Ya hura dalmar, ya jona, na ɗora mita, allura ta kwanta. Ya taka. Shiru. Ya ƙure sautin amfilifayar ya sake takawa. Na ƙirga, sau goma sha biyu ya taka, ba abin da ke fita sai ƙarar takalminsa a kan gwangwani.

"Yanzu wace ce ke aikin?"

"Sabuwar."

"Ita fa?"

"Sauti yana bi ta cikinta. Shi ke nan."

Ya ce to. Ya rufe akwatin, ya ɗaure kusoshi huɗun, ya ce in gaida Inna.

Ranar Lahadi na bi ta wajen cocin, na tsaya a inuwar dalbejiya ta tsallaken hanya. Ta taga ina hango kan jitarsa. Aka karanta sunaye masu yawa. Sannan ya fara kaɗawa, can sai na ji sautin ya soma maimaita kansa. Ban ji lokacin da ya taka akwatin ba. Matan kujerun baya suna zaune, wata tana yi wa jaririnta fifita da takardar waƙa. Tsohuwar nan ma tana nan, hannunta a ɗaure.

Washegari na leƙa shagon. Yana kwance wata tocila.

"Ba wanda ya gudu," ya ce.

"Na gani, Baba. Fasto ya ce mi?"

"Ya ce in ci gaba da zuwa da shi."

Akwatin yana ƙarƙashin bencin, ba a jone da komai ba. Ya sa ƙafa ya taka shi sau ɗaya, ya saurara.

"Ni dai jiya duk takawa ina jiran ƙarar," ya ce. "Shekara biyu, ita kaɗai ce ke sa gabana ya faɗi."

Ya koma kan aikinsa. Ya miƙo mini murfin tocilar in riƙe, ya fara kankare tsatsar da ke wurin batir.