Matar da Ta Auna Innata

Ƙarfe shida da rabi take buɗe ɗakin makullai. Ta goge teburinta, ta jawo sikelinta bakin ƙofa, ta taka shi da kanta ta ga ko allurar na faɗin gaskiya, sannan ta zauna. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana haka a makarantar koyon tuƙin ƙananan jirage inda na yi karatu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Anti Sikeli muke ce mata. Ba ta taɓa tuƙa jirgi ba, amma babu jirgin da ke tashi sai makullinsa ya fito daga hannunta, bayan tambayoyi uku: "Wa ke baya? Nawa nauyinsa? Me za ka yi a sama?"

Kanikawa sun ce ko mai makarantar ta taɓa mayarwa ya rage kaya. Ban ga wannan ba. Nawa na gani.

Akwai atisayen da muke ce wa sitol. Ka rage wuta, ka ɗaga hancin jirgi a hankali har iska ta daina ɗaukar fukafukai, jirgin ya yi kakkarwa ya saki. Sai ka sunkuyar da hancin, ka ƙara wuta, ya dawo hayyacinsa. Dokar makarantarmu a fili take: can sama sosai ake yi, kuma ba a yi da fasinja.

Lasisina na da sati ɗaya na kwaso Inna da ƙanwata, kaina ya kumbura kamar ni na ƙera jirgin. Inna ta ce ba za ta zauna gaba tana kallon agogai ba, su biyu baya za su shiga.

"Hau nan, Inna," in ji Anti.

"Ni za a auna kamar buhun masara?"

"Ni kaɗai zan gani."

Inna ta hau tana tsaki. Da aka zo tambaya ta uku na ce zagaye kawai za mu yi. Sai ƙanwata, mai bakin da ba ya riƙe ruwa, ta ce, "Yaya ya ce zai sa jirgin ya faɗo da mu kamar lilo, ya sake cafke shi!"

Anti ta mayar da makulli cikin aljihun tebur, ta rufe.

"Anti, ina da lasisi fa."

"Lasisin naka ne kai kaɗai. Uwar taku duka ce."

Ta ɗora rula a kan yatsa, ta aza abin goge rubutu a ƙarshenta. Gaban rular ya ɗaga. "Ga Inna da ƙanwarka a baya. In jirgin ya saki, da me za ka sauko da hancin?"

Wallahi na ji haushi har wuya. A gaban uwata! Muka koma gida a mota, Inna na ta faɗa.

Bayan kwana uku na tashi da malamina, baya babu kowa. Na yi sitol ɗin da gadara, ƙafata ta danne fedar juya jirgi ta gefe guda. Fiffiken hagu ya faɗi, jirgi ya fara juyi, gonaki suna zagayawa a gilashi. "Sakar mini!" in ji Malam. Kafin ya daidaita shi mun zubar da kusan ƙafa dubu. Da muka sauka ya ce, "Da akwai mutum biyu a baya, ban yi maka alkawarin hancin nan zai sauko ba."

Na kai wa Anti makulli. Na ɗauka za ta ce, ba na faɗa maka ba? Ta karɓa, ta rataye, ta ce, "Ka gaida Inna."

Anti, ke ce ƙofar da ba a tsallakewa. Ke ce kika yarda a ji haushinki, in dai kowa zai koma gida da ƙafarsa. Babu wanda ya taɓa tafa miki, domin abin da kika hana bai faru ba, balle a ba da labarinsa. Yau mu da muka bi ta sikelinki muna tuƙa jirage a ko'ina, kuma ina alfahari in ce a hannunki na koyi abin da ya fi tuƙi. Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi. Duk wanda aka damƙa wa makullin wani abu, ya koyi mayar da shi aljihu kamar yadda kike yi.

Jiya na gaya wa Inna za ki bar aiki. Tana goye da 'yata, ta taɓe baki ta ce, "Matar nan da ta auna ni a gaban mutane? Ta hana ni hawa jirgin ɗana!"

Shekara goma sha ɗaya tana jin haushinki, Anti. Kullum na ji muryarta tana wannan mitar, ke nake yi wa addu'a.