Buhun tsutsa da na kai wa Inna

Asuba ta yi mana a tashar Yamai, mota ta cika muka kama hanyar Filinge. Ba yawo na tafi ba. Ƙanena ya kira ya ce faɗa-wuta, ƙwarin nan masu bin fitila da dare, ta yi yawa a gonar Inna, ga hatsi ya fara fidda kai. Inna ta tsufa. Mun yi da ita in gonar ta mutu bana, za ta dawo wurina Yamai. Ba ta so.

A Baleyara ranar kasuwa ce, shanu sun tare kwalta. Na sayi kopto, kwaɗon zogale, tsadarsa ta fi barkononsa zafi.

A Filinge na shiga ma'aikatar noma. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni wace irin faɗa-wuta. Na ce ni duk ɗaya na san su. Ta nuna mini hoto: ƙarama ce, kalar ƙasa, da ɗigon fari a fiffike. Ita ke haifar murzuna, tsutsar da ke zagaya zangarniya tana ci. Murzuna na sani. Shekarar da ta cinye mana gona ina yaro, ganye muka ci har girbi ya zagayo.

Ta ba ni ɗan buhu. Ta ce tsutsar ciki ba murzuna ba ce, abincin wani ɗan ƙwaro ce mai kama da zanzaro. Ƙwansa na cikin buhun, in ya ƙyanƙyashe zai fito ya bi murzuna ya kashe.

Kabu-kabu ya kai ni ƙauyenmu cikin ƙasar Kurfai, rairayi har gwiwa. Inna ta dama mini fura. Na tafi salla, na dawo na tarar ta kwance buhun tana kiran kaji.

"Kai, ɗan nan," ta ce, "wadda muke da ita ba ta ishe mu ba, sai ka yi muna tsarabar wata?"

Ban iya dogon bayani ba. Na kore kajin, na shiga gona na ciro murzuna ɗaya, na haɗa da ta buhu, na aza mata su biyun a tafin hannu. Ta kai su dab da idonta. Ta gona mai zane ce a baya, ta buhu fara fat. Ta daɗe tana kallo, sannan ta murƙushe ta gonar. Farar kuwa ta mayar da ita buhu a hankali, ta ce ashe baƙuwa ce. Da kanta ta zaɓi reshen da na rataye buhun a gona, ta sa na kifa masa ƙwarya saboda ruwa.

Na dawo Yamai na san abin da ban sani ba: ba kowace tsutsa ake takewa ba, sai an duba bayanta. Jiya direban garinmu ya kawo mini saƙon Inna, zangarniya ɗaya cikakkiya, ba tabo. Ta ce ɗakin da na share mata, in zuba kaya a ciki.