Ƙwaron da Bai Samu Sunan Baba Zaspal Ba

Yau shekara bakwai da rasuwar Baba Zaspal, dattijon ƙasar Czech da ke kula da akwatunan ƙwari a jami'ar da na yi digiri na uku a Manchester. Ni ne ɗalibin da ya yi masa alkawari ya kasa cikawa.

A yarensu, Zaspal na nufin wanda barci ya kwashe har ya makara. Wani kakansa aka yi wa laƙabin, ya bi zuri'a. Shi kuwa Baba kullum yakan riga mai shara isowa. Bai haihu ba, kuma daga shi gidansu ya ƙare.

Na zo masa da ƙwari uku daga rumbun kawuna a Bichi. Sati biyu yana dubawa, sannan ya ce kimiyya ba ta san irinsu ba. A al'adarmu ta masana ƙwari, wanda ya gano sabon ƙwaro shi ke raɗa masa suna, amma sunan ba ya tabbata sai an wallafa bayaninsa, an kuma ajiye ƙwaron a gidan adana ƙwari. Na ce zaspali zan sa, wato na Zaspal. Ya cire tabarau ya ce, "Malam Sani, ashe zan samu magaji, ko da mai ƙafa shida ne."

Alkawari kaya ne, ni kuwa na ajiye nawa tare da ƙwarin a gwangwanin alawa. Karatu ya ƙare, na koma Birmingham ina aikin kula da tsofaffi, kullum sai gobe. Ni da na fi kowa sanin abin da damshin ɗakunan unguwarmu ta Selly Oak ke yi, ban sa ko maganin asu ba. Watan jiya na buɗe: biyu sun zama gari, na ukun ba ƙafafun baya.

Na kira yayana a gigice, ya duba mini rumbun kawu ko za a samu wasu. Ya ce, "Wane rumbu? Sito muka gina, an yi feshi."

Da Baba na nan, ba zai yi faɗa ba, sai dai ya miƙo mini hantsaki in kama aiki, kuma wannan ya fi ci mini rai. Tsoro nake ji. In masu tantance bayani kafin a wallafa suka ce guntun bai isa shaida ba, sunan ya tafi ke nan.

Gobe zan hau motar Manchester da gwangwanin a cinyata, in kai guntun jami'a a duba. Baba ya ɗauki sunan makara shekara saba'in da ɗoriya, amma ni na makara.