Ranar da Yaya ta shiga kwarin dabino

Yayata ba ta taɓa tafiya da ƙafarta ba, shan inna ya kama ta tun tana rarrafe. A Gure kowa ya san ta da keken hannunta, da shi take zuwa kasuwa da wurin ɗinkinta. Amma kwarin da Baba yake da dabino, can bayan tuddan rairayi, a bakinmu kawai ta san shi. In mun dawo da ƙafafu fari fat da kanwa, sai ta tsare mu da tambaya: wane launi ne ruwan, har ina inuwar take kaiwa.

Wata shekara da dabino ya nuna, ta ce a kai ta. Muka ɗora ta da kekenta a amalanken shanu. A gindin tudun ƙarshe shanun suka ƙi gaba. Da muka sauke keken, ƙafafunsa suka nutse a rairayi. Na durƙusa na ce, "Yaya, hau in goya ki."

"Na gaji da goyo," in ji ta. "Da hannuna nake so in shiga."

Baba ya haura tudun shi kaɗai, ya dawo da masu lambu, kowa da tabarmar kaba a kai. Muka riƙa shimfiɗa mata, in ta wuce, mu ɗauko tabarmar baya mu kai gaba. A hawa kaɗai ta yarda a tura ta.

Daga saman tudu kwarin ya bayyana, kore shar a tsakiyar farin rairayi kamar tsibiri, iska na kaɗa kawunan dabino a hankali. Har yau in na tuna saukarta, sai in ga kamar keken yana shawagi ne, gyalenta na tashi a bayanta, ba na jin komai sai kukan kurciya.

A bakin ruwa ta sunkuya ta tsoma hannu, ta daɗe a haka.

"Ba ku taɓa gaya mini yana da sanyi ba," ta ce.

Barci ya ɗauke ta a inuwa, da dabino ɗaya a tafin hannunta. Masu lambun suka kafe tsofaffin tabarmin a jikin tudun da turaku. Rairayi yakan binne su, su kuma su sake shimfiɗa wasu duk lokacin da dabino ya nuna.