Mai Sassaƙe Ta Daina Zuwa

Shekarar da maigidana ya rasu na riga na ajiye aikin koyarwa, yara kuma duk suna birni. Ni kaɗai na rage a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Auyo. Ciwon sanyi ya matsa wa gwiwoyina. Da damina kuwa ruwa kan datse hanyar asibiti, sai dai a shiga kwalekwale.

Akwai wata tsohuwa mai maganin gargajiya da takan zo daga wani ƙauye can gaba da namu duk ranar kasuwa. In ta tashi, sai ta biyo ta gidana da ƙunshin sassaƙe da saiwoyi. Da kanta take dafa mini, mu zauna a gaban murhu muna hira har ruwan ya yi ja. Maganin yana sassauta ciwon. Wani makon ma ba na jin sallamar kowa a ƙofata sai tata.

Ana nan, sai wata mai jego a ƙauyen gabanmu ta sha maganin da aka sayo wurin masu yawo da mota da lasifika. Da ƙyar aka ceto ta. Ba a jima ba ma'aikatan lafiya suka tara masu magani a kasuwa, suka ce kowa ya yi rajista, a gwada abin da yake sayarwa, a rubuta yadda ake sha. Ban ga laifinsu ba, don na je dubiya, na ga yadda matar nan ta kumbura.

Ranar da aka tara su, tsohuwar ta shigo mini hannu rabbana.

"Iya, ina maganin?" na tambaye ta.

"'Yar nan, wai sai na kai Haɗeja an gwada. Da waɗanne ƙafafu? Ga shi ko alif ban sani ba. Tsoro nake kada wata rana a ce na kashe ɗan wani."

Na ce in ruwa ya janye zan raka ta, ni zan yi mata rubutun. Ta yi murmushi, ta ce to.

Ba ta sake zuwa ba. Da kaka na hau babur har ƙauyensu, maƙwabta suka ce ɗanta ya ɗauke ta ya tafi da ita Gashuwa. Ɗakinta a rufe, akuyoyi kwance a bakin ƙofa.

Yanzu ƙwayoyi nake sha, in an samu mai shiga gari ya sayo mini a kemis. Suna aiki, ba laifi. A tsaye nake haɗiye su, in ɗauraye kofin, in koma ɗaki.