Juyin da Yaya Sale Ya Gani a Allon Likita

A girbin shinkafar bana shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni firamare ma ban ƙarasa ba, saboda haka yadda abin ya faru kawai zan faɗa.

Yaya manomi ne a fadamar Auyo, in ruwa ya cika kuma shi ke ƙetarar da mutane a kwale-kwale. Kogi ba ya ɓoye masa komai. Sai ya tsaya a kwana inda ruwa ke juyi, ya ce, "Nan yana cin gaɓa ta ƙasa, kar ka shuka kusa." Kuma haka ɗin ne.

Wata rana ya kama hannuna ya ɗora a saman cibiyarsa. Wani abu ke bugawa, kamar zuciya ta sauko ciki. Muka hau babur sai Haɗeja. A asibiti aka shafa masa wani mai mai sanyi, likita ya ɗora masa na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba mata masu juna biyu. Yaya har da zolaya: "Likita, mace ce ko namiji?"

Likitan bai yi dariya ba. Ya juyo mana da allon, ya nuna wata hanya mai kauri, ya ce ita ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya. Daga sama kala ɗaya ce, ja, jini na tafiya sambal. Can ƙasa jijiyar ta kumbura, ja da shuɗi sun cakuɗe suna zagaye.

Ni ban gane komai ba. Yaya ne ya ce, "Juyi yake yi. Yana cin gaɓa." Likitan ya kalle shi, ya ce aiki za a yi, kuma ba a nan ba, sai babban birni. Kar ya ɗaga kaya mai nauyi, kar a jinkirta. Ya juyo kaina: "Kai ma ka zo a duba ka, abin yakan bi 'yan'uwa."

Saura sati uku girbi. A hanyar gida Yaya ya ce, "Gaɓa ba ta zubewa a shekarar da ruwa ya fara cin ta. Mu kai shinkafa gida tukun." Na ce, "Yaya, wannan fa ba kogi ba ne." Ya ce, "Kai Habu, yaushe ka fara koya mini ruwa?" A gidanmu ƙane ba ya maimaita wa wansa magana.

Ranar da muke loda buhuna a kwale-kwale, da hantsi, aka rasa mai kama ɗaya gefen buhu. Ni ke riƙe da ɗayan. Ina kallo Yaya ya sunkuya ya kama, ban hana shi ba. A buhu na uku ya dafe baya ya zauna cikin laka. Muka sa shi a jirgin. Ciyawar kacalla ta toshe gajeriyar hanya, dole muka zagaya. Kafin mu kai inda mota take, Allah ya karɓi abinsa.

Yau na'urar hoton cikin nan ta yawaita a gari, har a ƙananan asibitoci. Da Yaya na nan, na san dariya zai yi, ya ce mun ƙware a kallo. Aikin dai yana can inda yake, nesa da mu.

Bana na kai shekarunsa. Matata Talatu ta gaji da ce mini in je a duba ni. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofar asibitin, ina juya babur. Ba allon nake tsoro ba. Na san kaina ne. In aka nuna mini ja da shuɗi suna zagaye, ba ni da wata dabarar da ta fi ta Yaya.

Gonarsa ƴaƴansa na nomawa, kwale-kwalen ya ruɓe. Abin da ya bar mini ido ne: yanzu ni ma in na ga ruwa na juyi, na san abin da yake yi a ƙasa. Kwanar nan da ya hana ni shuka kusa da ita ta zube bara, ina tsaye ina kallo.

Allah ya jiƙan Yaya Sale. Jiya Talatu ta sake tambayata yaushe zan je. Shinkafa ta nuna. Na ji bakina ya ce mata, "Bayan girbi."