Masu gadi uku a kwamfuta ɗaya

Shekarun baya, wajen 2014 in ban manta ba, ina koyarwa a wata sakandare a yankin Bukkuyum. Ni kaɗai ke da laftof a makarantar, wata tsohuwa da yayana ya bar min. Shi ya sa shugaban makaranta ya ɗora min rajistar jarrabawar 'yan aji shida: sunaye, darussa da hotuna, a tura ta intanet kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Wanda sunansa bai shiga ba, sai baɗi.

Ni kuwa mutum ne mai tsoron kuskure. Na sa wa laftof ɗin manhajar kashe bairos, wato ƙwayar cutar kwamfuta, sai na ce wataƙila ɗaya ba za ta isa ba, na ƙara biyu. Hoton kowane ɗalibi sai na buɗe na gwada shi da suna, in bar shi a buɗe don kada in manta na duba. Kashe ta kuma ba na yi, murfin kawai nake rufewa, don tsoron kada ta ƙi tashi.

Ranar Laraba laftof ɗin ta fara sandarewa. Kibiyar da ke yawo a allon ta tsaya cik, 'yar fitilar gefe ta kama ba ƙiftawa, cikinta na ƙir-ƙir kamar gara na cin azara. Bayan minti biyar ta farfaɗo, in rubuta suna biyu, ta sake suma.

Mahaifiyata ta iske ni a tsakar gida ina yi mata fifita da mafici.

"Mi yas same ta?"

"Ina jin zafi ta yi, Inna. Ko bairos. Ban dai tabbatar ba."

"In zafi na, kai ya kamata a yi ma fifita. Dubi rigarka."

Shugaban makaranta ya ce a kai wa mai gyaran waya a kasuwa ya goge ta gaba ɗaya. Na ƙi. Na kwafi hotunan har wuri uku, amma duk wuraren ukun a cikin laftof ɗin suke.

Da safiyar Juma'a na hau kabu-kabu zuwa Gummi rungume da ita, wurin abokina, wani Kirista ɗan Filato da ke koyar da lissafi a can. Tun a sansanin bautar ƙasa yake kirana Malam Wataƙila.

Bai ko tsaya jin bayanina ba. Ya danna maɓallai uku tare, muka jira, wata taga ta fito da layi a cike maƙil. Ya kwashe da dariya.

"Malam Wataƙila, ba bairos ba ne. Kai ne."

Ya ce ram, wato inda kwamfuta ke baza aikin da take kai, kamar tabarmar shanya yake, nawa kuma ƙarami ne, giga biyu. In tabarma ta cika, sai ta dinga kwasar wani abu tana kaiwa rumbu, wato faifan ajiyarta, in ta buƙace shi ta koma ta ɗauko. Wannan jigilar ce ake kira suwaf, rumbun kuwa akwai nisa.

"Fitilar nan da ƙarar nan, jigila ce. Ba ta mutu ba, dako take yi maka. Ka buɗe hoto arba'in, sannan ka sa masu gadi uku a ƙofa, kowa na caje kayan, suna kuma caje junansu!"

Ya rufe hotunan ina kallo layin na sauka. Ya cire masu gadi biyu daga cikin manhajojin kashe bairos ɗin nan uku. Da ya kai hannu zai kashe ta, na riƙe shi.

"In ta ƙi tashi fa?"

"Sake ni, malam."

Ta mutu. Ta tashi. Na taɓa kibiyar, ta ruga kamar ɗan akuyar da aka kwance! Wallahi ihu na yi, har mai shayin da ke gefen makarantarsu ya leƙo. Muka rage girman hotunan, na shiga tura sunaye ɗaya bayan ɗaya, ko tuntuɓe ba ta yi.

Da aka kira sallah saura sunaye goma sha ɗaya. Na tsaya ina kallon agogo.

"Je ka yi Juma'arka," in ji shi. "Ni zan riƙe maka."

Na dawo na tarar ya gama. Duk da haka sai da na bi sunayen sau biyu, yana zaune yana girgiza kai. Uku da rabi na kira shugaban makaranta na ce masa kowa ya shiga. Ban sa "ina jin" ko "wataƙila" a maganar ba.

Har yau ina mamakin yadda duk abin da na yi don kare aikin shi ne ya kusa jawo wa yaran asarar shekara. Tsoron bai bar ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina duba abu sau uku, amma yanzu in na duba ina rufewa. Abokina kuwa ya koma garinsu tuntuni, kuma in ya kira ni ba ya fara da gaisuwa. Sai dai in ji: "Malam Wataƙila, masu gadi nawa yau?"